Ciwon Da Yaya Ta Fi Kowa Sani

Yayata ce ta fara gani, kafin ni da nake kwana gida ɗaya da shi. Wata Lahadi ce, an tashi daga coci muna komawa gida a ƙafa, Baba yana gaba, mu biyu muna biye da shi. Ina ba ta labarin wata rigima da aka yi a makarantar da nake koyarwa, sai na lura ta daina amsa mini. Idonta yana kan bayan Baba. Na tambaye ta mene ne, ta ce babu komai, in ci gaba da labarina. Sai da aka yi kusan wata biyu ta gaya mini abin da ta gani a ranar. Hannunsa na hagu yana lilo yadda na kowa yake yi in yana tafiya, na daman kuwa a rataye yake a gefensa kamar an manta da shi.

Baba tsohon akawu ne a ma'aikatar jirgin ƙasa. Tun da Mama ta rasu, ni da mijina muka dawo muka zauna a sashen baya na gidansa da ke Jushi, don kada ya zauna shi kaɗai. Mutum ne mai son tsari. Shi ke karanta Littafi Mai Tsarki a sujadar Hausa, shi ke rubuta abin da dattawan coci suka tattauna, kuma rubutunsa har a unguwa an san shi, mutane kan kawo masa takarda ya cike musu.

Yaya kuwa malama ce a jami'ar da ke Samaru. Dokta ake ce mata, amma ba ta asibiti ba. Mu dai a gida abin da muka sani shi ne tana kiwon ƙananan ƙudaje a cikin kwalabe, muna ta yi mata dariya a kai. Ta taɓa zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce jikin mutum da ƙananan ƙwayoyi aka gina shi, waɗanda ido ba ya gani, kuma a cikin kowace ƙwaya akwai wasu 'yan abubuwa da ke juya abincin da muka ci ya zama ƙarfi, ana kiransu maitokondiriya. Idan suka lalace a cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, ƙwayoyin sukan fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wadda ta mutu kuma ba ta dawowa. Yadda suke lalacewa, da ko akwai hanyar hana su, shi ne aikinta tun tana budurwa. Na gyaɗa kai a lokacin, ban riƙe komai ba, domin ban ga inda ya shafe ni ba.

Da hannun ya fara karkarwa a fili, har shayi yana zuba a rigarsa, sai Yaya ta zo da motarta muka kai shi babban asibiti. Likitan da muka samu ya miƙe tsaye da ya gan ta, ashe ta taɓa koyar da shi. Ya sa Baba ya yi tafiya a ɗakin, ya sa shi ya taɓa hancinsa, ya lanƙwasa masa gwiwar hannu yana miƙewa. Sa'an nan ya dubi Yaya, ita ma ta dube shi, na gane duk abin da zai faɗa ta riga ta sani. Ya ce ciwon karkarwa ne da ake kira Pakinsin, ya rubuta magani, ya ce zai rage rawar hannun da sanƙarewar jiki. A hanyar gida Baba ya tambayi Yaya ko wannan ne ciwon da take bincike a kai. Ta ce yana ɗaya daga ciki. Sai ya jingina da kujera ya ce to, ai Allah ya riga ya shirya masa. Na hango fuskar Yaya a madubi, idonta a kan hanya.

Shekara ta farko maganin ya yi aiki sosai. Baba ya koma karatunsa a coci, ya koma zama a ƙofar gida da yamma, duk wanda ya tsaya gaishe shi sai ya gaya masa cewa 'yarsa ce ke neman maganin wannan ciwo, har Turawa suna karanta abin da ta rubuta. Ba ƙarya ya yi ba. A lokacin sunanta ya fara fita, ana gayyatarta taro a ƙasashen waje, ɗalibai daga wasu jihohi suna neman su zo su yi karatu a ƙarƙashinta. Wani gidan rediyo ya yi hira da ita da Hausa, Baba ya ƙure muryar rediyon har maƙwabta suka leƙo.

Bayan hirar nan ne mutane suka fara zuwa. Ba ofis ɗinta suke zuwa ba, gidanmu suke zuwa ranar Asabar, don sun ji takan kawo wa Baba ziyara. Na tuna wata mata mai shagon atamfa a unguwar PZ, mutuniyar kudu, da ta kawo mijinta a keke napep, su biyu da direban suka ciro shi. Ta durƙusa a gaban Yaya a tsakar gida, tana haɗa Hausa da Turancin kasuwa, tana roƙo a taimaka mata da maganin ko kaɗan ne, ta yi alkawari ba za ta gaya wa kowa ba. Yaya ta ɗaga ta, ta zaunar da ita a benci, ta yi mata bayani a hankali cewa ita ba ta da wani magani a ɓoye, abin da take yi neman sani ne, kuma ta rubuta mata sashen da za ta kai shi a asibiti. Matar ta karɓi takardar ta yi godiya, amma na ga ba ta yarda ba. A ganinta rowa aka yi mata. Da suka fita Yaya ta shiga kicin ta tsaya tana kallon tukunyar da ba komai a cikinta.

Baba yana ɗaki ya ji duk abin da aka yi. Bayan 'yan kwanaki ya ce yana so a kai shi ya ga wurin aikinta. Yaya ta yi ta ja, yau taro, gobe jarrabawa, har ya ce in ba za ta zo ta ɗauke shi ba zai hau keke napep ya je da kansa. Muka tafi wata Talata da hantsi. Ya sa babbar rigarsa ta zuwa coci.

Ɗakin bai kai yadda na zata ba. Tebura ne dogaye, da firji manya guda biyu, da kwalabe jere a kan katako, kowace an toshe bakinta da auduga, ƙudajen suna yawo a ciki. Wani wari yake yi kamar na ƙullun da ya kwana. Ɗalibanta suka zo suka gaishe shi ɗaya bayan ɗaya, yana ta sa musu albarka. Yaya ta zaunar da shi gaban madubin da ake duba ƙwayoyi da shi, amma ya kasa tsayar da idonsa a bakin abin, hannun da ya dafa teburin da shi yana girgiza komai. Sai ta sa aka fito da hoton a kwamfuta. Hotuna biyu ne gefe da gefe. A na farko wasu zare-zare ne kore, dogaye, sun sarƙe da juna. A na biyu zaren ya tsintsinke, sai ɗigo-ɗigo a warwatse. Ta ce masa na farkon ƙwaya ce mai lafiya, na biyun mai ciwo.

Ya daɗe yana kallo. Sa'an nan ya nuna na biyun da hannunsa mai lafiya.

"Nawa ma haka suke?"

"Mai yiwuwa, Baba. Wasu daga ciki."

"Kin san yadda za a gyara su?"

"A jikin ƙuda muna gwadawa. A jikin mutum ba wanda ya kai can."

"Yaushe za a kai?"

Ɗaliban kowa ya kama wani aiki da hannunsa. Na yi fatan ta ce masa nan ba da jimawa ba, ko ta ce sai yadda Allah ya yi. Yaya ba ta iya irin wannan maganar ba. Ta durƙusa kusa da kujerarsa ta ce, "Ba na jin zai riske ka, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya tambayi abin da ƙudajen suke ci, aka gaya masa, ya ce a riƙa kula da su. Da muka fito ya ce a tsaya a kasuwar Samaru yana son gasasshiyar masara. Na saya masa, ya riƙe ta har gida bai ci ba. Daga ranar bai ƙara yi wa masu wucewa zancen binciken 'yarsa ba, kuma bai taɓa nuna mata ya ji haushi ba.

Ciwon ya ci gaba da tafiyarsa. Maganin da ke kai shi yini ya koma ba ya wuce 'yan sa'o'i, aka ƙara, aka sake ƙarawa. Rubutunsa ya riƙa ƙanƙancewa, ya fara layi da girmansa ya ƙare shi kamar sawun tururuwa, har ya mayar wa dattawa littafinsu da kansa ya ce su nemi wani. Muryarsa ta shige ciki. Lahadin ƙarshe da ya yi karatu, an kusantar masa da lasifika har bakinsa amma na baya ba su ji komai ba. Da ya gama ya juya zai sauko, sai ƙafafunsa suka ƙi ɗagawa. Yana tsaye a bakin matakala, jama'a suna kallo, jikinsa ya karkata gaba, ƙafafun kamar an kafe su da ƙusa. Fasto ya ɗaga waƙa don ya rufe abin, mijina ya je ya kamo shi. A gida ya cire rigarsa ya kwanta ya juya fuska bango.

A wannan lokacin ne na yi abin da har yau ban gaya wa mutane da yawa ba. Matan zumunta na cocinmu suna ta kawo shawara, wannan ta ce zogale, waccan ta ce man zaitun da aka yi wa addu'a. Yaya ta ce zogale a miya ba laifi, addu'a kuma kowa yana bukata, amma kada a ba shi abin da ba a san me ke ciki ba. Wata ta kawo mini baƙin ruwa a gora, ta ce wani mai magani ne a ƙauyensu ya haɗa, ya tayar da mutane da yawa. Na ɓoye gorar a bayan buhun masara. Kwana shida ina ba shi cokali ɗaya da safe. Ni da nake da farfesa a gida, gama a shekarar aka ba ta matsayin. Ba abin da ya canza sai gudawa da ta kama shi. Da Yaya ta zo ta tambayi abin da ya ci, na ɗauko gorar na ajiye a gabanta ina jiran faɗa. Ta buɗe ta shinshina, ta zubar a makwarara, ta wanke gorar. Abin da ta ce kawai shi ne ita ma akwai ranakun da take ji da ma ba ta san komai ba, ta gwada irin wannan.

Faɗan da muka yi daga baya ne, kuma ni na jawo shi. An gayyace ta wata ƙasa za a karrama ta, za ta yi mako biyu. Kwana huɗu da tafiyarta Baba ya faɗi a banɗaki da safe, mijina ya riga ya fita, ni kaɗai ce a gida. Na kasa ɗaga shi. Na zauna a ƙasa cikin ruwa na ɗora kansa a cinyata ina kiran maƙwabta, jini yana zuba daga girarsa, shi kuma yana ta ba ni haƙuri da 'yar muryar nan tasa. Da muka dawo daga asibiti inda aka yi masa ɗinki na buɗe waya, sai ga hoton Yaya wani ya turo, tana tsaye a kan dandamali ana miƙa mata wani abu na gilashi. Na kira ta. Na ce mata shekara da shekaru tana gadin ƙudaje, duniya tana tafa mata, ubanta kuma yana kwance a ƙasan banɗaki. Na ce ta gaya mini mutum ɗaya da duk takardun nan nata suka tayar. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba. Ba ta katse ni ba, ba ta kuma kashe wayar ba, sai da na gaji na kashe da kaina.

Ta dawo kafin ranar da aka sa, daga tasha ta wuce Jushi da akwatinta. Ta duba ɗinkin, ta zauna da Baba har ya yi barcin rana, sa'an nan ta same ni ina wanki a bayan gida. Ta ja kujera 'yar tsugunno ta kama wani zanin gado tana cuɗawa. Na fara ba ta haƙuri, ta ce in bari, tambayar da na yi ita ma takan yi wa kanta.

"Ba ni da mutum ɗaya da zan nuna miki," in ji ta. "Wataƙila wani ya ɗora a kan abin da na yi, wani ya ɗora a kan nasa, a samu wani abu bayan ba ma nan. Ke wahalarki a hannu take, na sani. Ni kuma duk abin da zai same shi na san shi tun kafin ya zo, na san wanda ke biye, ban iya tare ko ɗaya ba."

Na ce to ta gaya mini abin da ke biye. Ta tambaye ni sau biyu ko na tabbata. Sai ta faɗa mini, hannunta a cikin kumfa. Haɗiya za ta yi masa wuya. Abinci zai riƙa bin hanyar numfashi, ƙirjinsa ya riƙa kamuwa. Mai yiwuwa ya fara ganin mutanen da ba sa nan. Na saurara har ƙarshe, muka shanya kayan tare.

Abin da ya fi taimakon Baba a shekarunsa na ƙarshe ba daga ɗakin bincikenta ya fito ba, ita da kanta ta faɗa. Wata ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi da motsa jiki a asibiti ce ta koya mata, ita kuma ta koya mini. Idan ƙafafunsa suka kafe, a zana layuka a ƙasa ya riƙa tsallakawa, ko a yi masa waƙa mai kiɗa ya bi da ƙafa. Na kwaso alli daga makaranta na zana layuka daga ƙofar ɗakinsa har banɗaki, duk ranar da aka yi shara in sake zanawa. Yana kallon layin sai ƙafar ta ɗagu. Yaya ta roƙi fasto ya ba mu rumfar coci Asabar ɗaya a wata, masu irin ciwon da masu jinyarsu suka riƙa taruwa, Kirista da Musulmi, likitan nan tsohon ɗalibinta yana zuwa in ya samu sarari. Ba wanda ya warke. Ana dai koyon yadda za a juya mutum a gado, yadda za a dama kunu ya yi kauri don kada ya sarƙe shi, ana kuma samun wanda za a yi wa kuka ba sai an yi masa bayani ba.

Duk abin da ta lissafa ya zo, kusan a jeren da ta faɗa. Baba ya fara gaishe da Mama a bakin ƙofa, yana tambayata me ya sa ban ba ta kujera ba. Da farko nakan ce masa babu kowa, daga baya na koma ajiye kujerar. Cin kofi ɗaya na kunu yakan ɗauke mu kusan sa'a guda, ni da cokali, Yaya tana riƙe da haɓarsa tana cewa ya sunkuyar da kai kafin ya haɗiye. Ta rage tafiye-tafiye, tana tashi daga aji ta kamo hanyar Jushi. Sau biyu ƙirjinsa ya kamu aka kwantar da shi ya tashi. A na uku, cikin damina, bai tashi ba. Da la'asar ne, muna gefensa mu biyu. Yaya ta riƙe wuyan hannunsa tana jin bugun jini har ya tsaya, ta ci gaba da riƙewa, sai da nas ta zo ta taɓa kafaɗarta.

Mako biyu bayan jana'iza wata ɗalibarta za ta kare aikinta na digirin ƙarshe, ba a iya ɗagawa ba. Na ce zan bi ta, don gidan ya yi mini faɗi. Na zauna a kujerar baya cikin baƙin zanina. Ɗalibar ta yi bayani da Turanci kusan sa'a guda, ban gane ko rabi ba. Malamai suka yi mata tambayoyi tana amsawa. Can wani dattijo a cikinsu ya tambaye ta me wannan sakamako zai yi wa mara lafiyar da ke kwance yau. Ta dubi inda Yaya take, sa'an nan ta ce a gaskiya yau ba zai yi masa komai ba, amma ya nuna inda ya kamata a duba gaba. Dattijon ya rubuta wani abu, aka ce ta ci, aka tafa.

Da aka watse Yaya ta ƙi tsayawa ɗaukar hoto. Muka fita ta ƙofar jami'a muka shiga wani ɗan gidan abinci a Samaru, ruwan sama ya tsare mu a ciki. Ta sa aka kawo shinkafa da wake, ta ci cokali uku ta ture. Na tambaye ta ko za ta ɗauki hutu. Ta ce akwai sababbin ɗalibai biyu da za su fara ranar Litinin, ba ta ma shirya musu teburi ba. Da ruwan ya tsagaita ta ce za ta kai ni gida, na ce ta koma aikinta. Ta tsayar mini da keke, ta gaya wa direban Jushi, ta tsallaka titi tana kare kanta da jaka.